Daga CFTI zuwa ESSCOM: Tarihin Makarantar 'Yan Jaridar Nijar

Rediyo ya riga makarantar koyon aikinsa zuwa Nijar da kusan shekara 20. An buɗe Radio Niger a 1958, aka kafa hukumar rediyo da talabijin ta ORTN a 1967, amma duk wanda ake so ya ƙware sai an tura shi waje: Faransa, ko CESTI ta Dakar da aka kafa a 1965, ko makarantar 'yan jarida ta Yawunde. Kujerun kaɗan ne, kuɗin kuma da yawa. Saura a bakin aiki suke koyo, a hannun na gaba da su.

Gwamnatin Seyni Kunce, wadda ta hau mulki a 1974, ta ɗauki watsa labarai da muhimmanci. A shekarar ne rediyon ƙasa ya koma Voix du Sahel, jaridar gwamnati ta koma Le Sahel, ga kuma shirin buɗe talabijin na kowa da kowa. Don samun ma'aikata aka kafa cibiyar horo ta CFTI a Yamai a 1977.

Aikin wancan zamani aikin hannu ne. Ɗalibi zai rataya rakoda mai nauyi a kafaɗa ya ɗauko murya, ya dawo ya ɗora faifai a kan inji, yana juya shi a hankali har ya ji inda mai magana ya yi tari ko ya yi tuntuɓen harshe. Nan zai yi alama, ya sa reza ya yanke, ya liƙe bakin biyu. In hannu ya goce, kalmar minista ta tafi ke nan. Wanda ya kammala kuwa bai da fargabar neman aiki, domin ma'aikata ɗaya ce ke jiransa, ta gwamnati.

A 1989 aka ɗaga darajar cibiyar ta zama IFTIC, sai ga ƙasar ta sauya a gabanta. Jaridar Haske mai zaman kanta ta fito a 1990, aka yi babban taron ƙasa a 1991, gidajen rediyo masu zaman kansu irin su R&M da Anfani suka biyo baya a tsakiyar shekarun 1990. Makarantar da aka gina don ta koya wa ma'aikaci isar da saƙon hukuma, dole ta fara koyar da yadda ake yi wa hukuma tambaya. Ta riƙa ɗaukar masu takardar BEPC da masu BAC, tana horar da 'yan jarida, masu shirya shirye-shirye, masu ɗaukar hoto da sauti, masu gyaran na'urori da masu adana takardu. Daga baya ta shiga tsarin digiri irin na jami'a, ɗalibai suka riƙa zuwa daga ƙasashen maƙwabta, kwamfuta ta maye gurbin reza. A 'yan shekarun nan aka sake mata suna zuwa ESSCOM.

Sai dai girman nan a Yamai ya tsaya. Daga wajajen 2000 gidajen rediyon karkara suka bazu a faɗin ƙasar, har da jahar Tawa. Mai gabatarwa a Buza ko Keita yakan zama malamin makaranta ne ko ɗan sa-kai. Shi zai karanta sanarwar rasuwa, ya yi cigiyar saniyar da ta ɓata, ya sasanta muhawarar manoma da makiyaya a lokacin sakin gonaki, duk da Hausa ko Tamajak. Manomin albasa a kwarin Tarka farashi yake son ji da harshensa. Makarantar kuwa da Faransanci take koyarwa, tana da nisan wajen kilomita 500 daga Madawa da ke wannan kwarin, ga kuɗin karatu da na zama a babban birni. Mafi yawan waɗannan masu gabatarwa ɗan gajeren horon ƙungiyoyi kawai suke samu.

Abin da ya rage wa ESSCOM shi ne ta kai darasi jahohi, ta kuma mai da aikin jarida da harsunan ƙasa fanni mai takardar shaida, domin da su ne yawancin 'yan Nijar ke sauraron labarai.