Doka, Zango a Kan Hanyar Gallabat

Duk wanda ya bar garin Gadarif na Sudan ya nufi Gallabat da ke bakin iyakar Habasha, sai ya ratsa Doka. Direbobi kan tsaya su sha shayi su wuce, alhali wuri ne da ya isa a sauke kaya a kwana.

Ƙasar baƙar laka ce. Da rani ta tsattsage har hannu ya shige, da damina ta riƙe tayar mota ta ƙi saki. Ita ce ta mai da jihar Gadarif rumbun Sudan. A shekarun 1940 aka fara noman tarakta a yankin, da ruwan sama kaɗai, kuma har yau dawa da riɗi da ƙaro ne arzikinsa. Mai son ganin ƙasar a ganiyarta ya zo a watan Oktoba, lokacin yankan riɗi: dammuna a jingine suna shan rana, masu lauje ba su ko ɗaga kai, domin riɗi in ya wuce lokaci kwansonsa fashewa yake, wahalar shekara ta tsiyaye ƙasa.

Tarihin Bahaushe a nan ya girmi tarakta nesa ba kusa ba. Alhazan ƙafa daga Darfur da Wadai da Barno da ƙasar Hausa, waɗanda Larabawa ke kira Takarir, guzuri kan ƙare musu a hanya, sai su tsaya noma. Wasu suka ci gaba zuwa Makka, wasu zango ya zame musu gida. Da Baturen Ingila Samuel Baker ya isa Gallabat a 1862, a hannun Takarir ya tarar da garin, da shehunsu da kasuwarsu ta auduga. A nan ne kuma, a watan Maris na 1889, rundunar Mahadiyya ta gwabza da Habashawa, Sarkin Habasha Yohannes na Huɗu ya samu raunin da ya yi ajalinsa. Bayan yaƙin Burmi na 1903, inda Turawa suka kashe Sarkin Musulmi Attahiru, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja masu hijira zuwa bakin Shuɗin Nilu, Hausawa da Fulani suka ƙara bazuwa a gabashin Sudan. 

A kan faifai ma ana ganin zuriyar: ga kisra da asida na Sudan, ga agashe, naman da aka sirance aka turmusa a ƙuli da yaji, wanda duk Sudan ta san na Hausawa ne. Kudu maso yammacin Doka kuwa, ƙetaren kogin Rahad, gandun dajin Dindir ne, da aka keɓe tun 1935.

Doka ba ta daina karɓar baƙi ba. A Um Rakuba, daf da garin, aka sauke Habashawan da suka gujo wa yunwa a shekarun 1980, aka sake buɗe sansanin a Nuwamban 2020 domin 'yan gudun yaƙin Tigray. Daga Afrilun 2023 kuwa, da yaƙi ya ɓarke a ƙasar, 'yan Sudan ne da kansu suka yi ta kwararowa jihar neman mafaka.