Kaza Marar Bindi: Daga Chile Zuwa Kura da Bunkure

Maƙalarmu ta wannan mako a kan kaza ce, kuma kada a raina batun.

A kudancin ƙasar Chile, can Kudancin Amurka, akwai al'ummar Mapuche. Sun daɗe suna kiwon kaji iri biyu. Ɗaya sunanta collonca, ba ta da bindi ko kaɗan, ƙwanta kuma shuɗi ne. Ɗayar quetro, tana da bindinta, amma wani tukkun gashi yana tsiro mata a gefen kunne kamar ta sa ɗan kunne. Wani ɗan ƙasar, Dokta Rubén Bustos, ya yi ta haɗa su barbara har ya samu kajin da suka haɗa siffofin uku: ba bindi, ga tukku, ga shuɗin ƙwai.

A 1914 wani masanin kaji daga Sifen, Salvador Castelló, ya ziyarci Chile ya ga waɗannan kajin. Mamaki ya kama shi. A 1921, wajen taron duniya na farko kan kiwon kaji a birnin Hague na Holan, ya gabatar da su a matsayin wata halitta daban, har ya raɗa musu sunan kimiyya, Gallus inauris. Alhali kajin gidan mutum ɗaya ya gani, ba na ƙasa guda ba. Daga baya ya janye maganarsa, amma ina, magana zarar bunu ce. Turawa sun riga sun ɗauka haka "asalin" kazar yake, suka kira ta Araucana. A 1976 ƙungiyar masu kiwon kaji ta Amurka ta amince da ita bisa wannan siffa.

Kajin ne suka ɗanɗana kuɗar wannan rubutu. Ƙwayar gadon da ke fitar da tukkun tana kisa: ɗan tsakon da ya gaje ta daga uwa da uba duka, yawanci a cikin ƙwai yake mutuwa, wato wajen ɗaya cikin huɗu idan iyayen biyu masu tukku ne. Rashin bindin ma ba rashin gashi ba ne kawai. Ƙasusuwan ƙarshe na gadon baya ne babu, haka ƙullutun man da kaza ke shafa wa gashinta da baki. Barbara takan yi wa zakara wuya, ƙwai da yawa su tashi ba ɗa. Shi ya sa har yau irin bai yawaita ba.

To, mu dawo gida. Bahaushe bai bar kajinsa ba suna ba: mai gajerun ƙafafu durgu ce. Sai dai a baki sunayen suke, da wuya ka gan su a littafi.

Tun da aka kammala madatsar ruwa ta Tiga a 1974, zamanin Gwamna Audu Baƙo, ruwa ya bi magudanai zuwa Kadawa, Kura, Bunkure da Garun Malam. Rani ya zama lokacin shinkafa, alkama da tumatir. Inda ake casar shinkafa kamar Kura ba a rasa dusa da tsaki, kuma inda abinci ya samu, kiwon neman kuɗi kan biyo baya. Cibiyar binciken dabbobi ta Shika a Zariya ta fitar da Shika Brown don ƙwai, daga baya Noiler ta bazu a ƙauyuka. Ba ma ganin laifin matar da ta zaɓi kaza mai saurin girma, kuɗin makarantar yara ba ya jiran kowa. Amma zakaran turawa ɗaya a unguwa ya isa ya sauya kamannin kajin unguwar cikin 'yan shekaru.

An yi rubuce-rubuce kan kadada nawa aka nome da buhu nawa aka girbe a wannan yanki. Akurkin bayan ɗaki kuwa, mata da yara ne ke riƙe da tarihinsa. Duk wanda ke kusa a cikinmu, ya shiga kasuwar Kura ko ta Bunkure wajen 'yan kaji, ya tambayi dattijai da tsofaffin mata: wane iri ne ya yi ƙaranci, me ake kiran kazar da aka ƙyanƙyashe ba bindi, me ake yi da ita? A tambayi gida goma, ba ɗaya ba, a rubuta ƙauye da rana, a kawo mana nan ƙarƙashin wannan rubutu kafin mako mai zuwa.