Rarrabe kalmomi a rubutun Sinanci da Japananci

Rarrabe kalmomi shi ne gano inda kowace kalma ta fara da inda ta ƙare a cikin rubutu. A Hausar boko tazara ce ke nuna iyakar kalma, amma Sinanci da Japananci ana rubuta su a jere ba tazara. Saboda haka kafin kwamfuta ta ƙirga kalmomi, ko ta yi bincike ko fassara, sai an fara yanka jimla da wata manhaja ta musamman.

Matsalar harshen damo

Jimla ɗaya tana iya yankuwa ta hanyoyi biyu, kowace da ma'anarta. Sanannen misali shi ne 南京市长江大桥. Idan aka yanka shi 南京市 / 长江 / 大桥, yana nufin babbar gadar kogin Yangtze ta birnin Nanjing. Idan kuwa aka yanka 南京 / 市长 / 江大桥, ya koma magajin garin Nanjing mai suna Jiang Daqiao. Kuskure a wannan mataki yana bin duk aikin da zai biyo baya. Hausa ma tana da irin wannan, kamar bambancin "ma su" da "masu".

MeCab

MeCab manhaja ce ta Japananci da Taku Kudo ya rubuta da harshen C++. Sunan ya samo asali ne daga mekabu, wani sashe na ciyawar teku da ake ci a Japan. Tana duba ƙamus ta fito da duk yankan da zai yiwu, ta ba kowace kalma da kowane haɗin kalmomi biyu maki, sannan ta zaɓi hanya mafi dacewa da lissafin Viterbi. Tana kuma faɗin ajin kowace kalma, ko suna ce ko aikatau. Umarnin mecab -Owakati yana dawo da jimla da tazara tsakanin kalmominta.

jieba

jieba ɗakin karatun manhaja ne na Python domin Sinanci, wanda Sun Junyi ya fitar a shekarar 2012. Ma'anar sunan ita ce i'ina. Yana da salo uku na asali: yanka daidai, fito da duk kalmomin da za su yiwu, da salon injin bincike. Umarnin jieba.lcut yana karɓar jimla ya mayar da jerin kalmomi. Kalmar da ba ta cikin ƙamus kuwa, yana hasashenta da tsarin Markov na ɓoye.

Muhimmancin ƙamus

Sakamako ya dogara ga ƙamus ɗin da aka ɗora. A MeCab, UniDic yakan yanka kalmomi gajeru fiye da IPADIC, don haka adadin kalmomin rubutu ɗaya yakan bambanta. Sunayen mutane da sababbin kalmomi su ne suka fi ba da wahala, shi ya sa manhajojin biyu ke barin mai amfani ya ƙara nasa ƙamus. Masu nazarin harshe sukan bayyana ƙamus ɗin da suka yi aiki da shi domin a iya maimaita bincikensu.