Ƙafar Doki A Zamanin Kakanninmu

Jama'ar Isawan, na gida da na ci-rani: tun da sarakunan Katsina suka zauna Maraɗi wajen 1819, doki ne ƙarfin ƙasar nan har Tasawa, kuma ƙafa ke kayar da shi. Igiyar dabaibayi ta ci fata, danshin turke da damina ya mai da wurin gyambo. Tsofaffinmu in sun shafa sun ji zafi da kumburi, sai su wanke, su barbaɗa garin bagaruwa. In mugunya ta taru, a yi sakiya. Amma dokin da ƙuraje suka jeru suna hawan ƙafarsa, nesa a kan ɗaure shi, don ƙuda na kai wa sauran dawaki. Wannan ciwon har yau ba ya jin allurar fenisilin.