Isawan Ningi Da Tsohuwar Gardamar Kirista A Kan Triniti

Jama'a, da yawa daga cikinmu da ke zaune a nan garin Bauci iyayenmu da kakanninmu daga Kano da Katsina da Zazzau suka taso, wasu fatauci ya kawo su, wasu almajiranci, wasu kuma aikin gwamnati. In za mu gida ganin dangi, hanyar Ningi muke bi, mu ratsa ta gindin duwatsun nan mu faɗa Birnin Kudu. Amma ƙalilan ne a cikinmu suka san cewa waɗannan duwatsu sun taɓa ɓoye wasu Hausawa da suka gudo daga Kano saboda wata tambaya guda: shin wane ne Isa ɗan Maryamu, kuma mene ne matsayinsa a wurin Allah? Wannan tambaya ita ce ta raba kan Kirista tun shekaru 1700 da suka wuce, kuma har gobe ba su gama da ita ba.

Bari mu fara da na gida. A wajajen 1846 wani malami mai suna Malam Hamza ya yi ƙaura daga Tsakuwa ta ƙasar Kano bayan saɓani da masarauta a kan haraji, ya shiga duwatsun Ningi cikin Butawa da Warjawa da Fa'awa. Shi da magadansa suka kafa daular da ta hana Kano da Bauci da Zazzau barci shekara da shekaru, har Sarkin Bauci Ibrahim ɗan Yakubu ya koma Rauta da zama don ya tare su. To, ka ga duk wanda ya ɓata da sarakuna ya san inda zai dosa.

A zamanin Sarkin Kano Abdullahi Maje Karofi aka yi wani malami a birni, Malam Ibrahim. Cikin karatunsa na Alƙur'ani sai hankalinsa ya tsaya a kan ayoyin da suka yi maganar Annabi Isa: haihuwarsa ba uba a Suratu Maryam, rayar da matattu da izinin Allah a Ali Imrana, da kuma aya ta 171 a Suratun Nisa'i inda aka kira shi kalmar Allah da ruhi daga gare Shi. Ya tara almajirai yana koya musu fifikon Isa da jiran dawowarsa, mutane suka sa musu suna Isawa. Abin ya kai kunnen fada, aka nemi ya janye, ya ƙi. A wajajen 1867 aka tsire shi a kasuwar Kano. Almajiransa suka watse, wasu ƙarƙashin Malam Yahaya suka nufo yankin Ningi, daga baya zuriyarsu ta bazu har gabashin Zazzau.

Abin lura a nan, Isawa ba mishan ne ya kawo su ba, a lokacin babu coci ko ɗaya a ƙasar Hausa. Kuma ba su san wata aƙida ta Allah ɗaya cikin uku ba. Ai ayar nan ta Nisa'i da suka riƙe, a cikinta ne aka hana faɗin uku. Sun ɗaukaka Isa iyakar ɗaukakawa, amma sun bar shi a ƙarƙashin Ubangijinsa. Su kuwa ba su san cewa a can Masar, shekara 1500 kafin su, an yi wani mai wa'azi da ya tsaya kusa da inda suka tsaya ba.

Sunansa Ariyus, mutumin Libiya ne, limamin wani coci a birnin Iskandariya. A wajajen 318 ya fara jayayya da shugabansa Bishop Iskandar. Ariyus ya ce Allah Uba shi kaɗai ne marar farko. Wanda ake kira Ɗa kuwa, tunda haifarsa aka yi, lalle akwai lokacin da babu shi. Saboda haka halitta ne, ko da yake shi ne farkon halitta kuma mafi girmanta. Mutumin ya iya bakinsa. An ce har waƙoƙi ya tsara na wannan koyarwa, matuƙan jirgin ruwa da masu niƙa da matafiya suna rerawa, kamar dai yadda waƙoƙin wa'azi suka kai karatu ƙauyukanmu.

Kalmar Triniti ita kanta ba ta cikin Littafi Mai Tsarki, kuma ɓangarorin biyu sun yarda da haka. Wani malami ɗan birnin Kartaj, kusa da Tunis ta yau, mai suna Tartuliyan, shi ya shigar da ita Latinanci a farkon ƙarni na 3. Wato dai tun daga tushe wannan gardama ta 'yan Afirka ce. Masu aƙidar suna nufin Allah ɗaya ne a zatinsa, amma Uba ne da Ɗa da Ruhu Mai Tsarki, ba wanda ya riga wani. Ya kamata mu riƙe wannan da kyau, domin sau da yawa a majalisa za ka ji wani ya ce Kirista alloli uku suke bauta wa. In ka faɗa wa ɗan ECWA ko ɗan Katolika haka, cewa zai yi ka yi masa ƙazafi. Ko mutum bai yarda da aƙidar ba, adalci shi ne ya faɗe ta yadda masu ita suke faɗinta.

To, ina kowa ya samo hujjarsa, alhali littafi ɗaya ne a hannunsu? Nan gizo ke saƙar. Mutanen Ariyus suna kawo Yohanna 14:28, inda Yesu ya nuna Uban ya fi shi girma. Suna kawo Markus 13:32, inda ya nuna ranar ƙarshe ko shi bai san ta ba sai Uban. Suna kawo addu'arsa a Yohanna 17:3, inda ya keɓe Uban da zama Allah na gaskiya. Sai kuma Misalai 8:22, wadda a fassarar Girkanci da suke karantawa ta nuna an halicci Hikima tun farko, su kuwa duka ɓangarorin sun ɗauka Hikimar nan Almasihu ce. Suka ce wanda ke addu'a, wanda aka aiko, wanda bai san sa'a ba, yaya za a daidaita shi da wanda ya aiko shi?

Ɗaya ɓangaren, wanda wani matashi Atanasiyus ya zama bakinsa, suna kawo farkon Yohanna inda aka kira Kalman Allah, da Yohanna 20:28 inda Toma ya kira Yesu Ubangijinsa da Allahnsa bai tsawata masa ba, da umurnin baftisma cikin suna uku a Matiyu 28:19. Ayoyin ƙanƙanta kuwa sai su ce suna magana ne a kan mutuntakar da ya ɗauka, kamar yunwarsa da gajiyarsa. Amma babbar hujjar Atanasiyus ta wuce jera ayoyi. Cewa ya yi, mu Kirista muna yi wa Almasihu sujada; in halitta ne, ashe bautar gumaka muke yi. Kuma halitta ba ta iya ceton halitta. Ka ga ashe kowane ɓangare yana ganin shi ne ke tsare kaɗaitakar Allah.

Akwai aya guda da ke nuna yadda fassarar ke tafiya. A Yohanna 10:30 Yesu ya nuna shi da Uban ɗaya ne. Masu Triniti suka ce ɗaya a zati. Masu musu suka ce a juya zuwa sura ta 17, inda ya roƙa almajiransa su zama ɗaya kamar yadda shi da Uban suke. Tunda almajirai ba su narke sun zama mutum guda ba, ɗayantakar ta manufa ce da nufi. Har yau in ka zauna da su, wannan musayar za ka ji, kusan kalma da kalma.

Rikicin ya yi tsanani har Sarkin Rum Kustantin ya ga zai tsaga masa daula. A 325 ya tara bishop-bishop wajen 300 a garin Nikiya, wanda yanzu ake kira Iznik a Turkiyya. Taron ya yanke cewa Ɗan haifaffe ne ba halitta ba, kuma zatinsa ɗaya da Uban, da kalmar Girkanci homo'usiyos. Bishop biyu kacal suka ƙi sa hannu, dukansu 'yan Libiya, aka kore su tare da Ariyus. Sai dai kashe maciji aka yi ba a sare kansa ba. Daga baya wasu suka fito da homoi'usiyos, wato zati mai kama, harafi ɗaya tak ya raba kalmomin, kamar kafa da ƙafa a wurinmu. Atanasiyus ya zama Bishop na Iskandariya a 328, sau biyar ana korarsa daga kujerarsa. Shi kansa Kustantin, da zai mutu a 337, wani bishop mai goyon bayan Ariyus ne ya yi masa baftisma. Sai a taron Kustantiniya na 381 aka tabbatar da matsayar Nikiya, aka ƙara da allahntakar Ruhu Mai Tsarki. Duk da haka ƙabilar Bandal da ta ci Kartaj a 439 mabiyan Ariyus ne, suka mulki arewacin Afirka kusan shekara 100.

A nan akwai gyara ga wasu 'yan uwanmu masu wa'azi da ke cewa Ariyus musulmi ne tun kafin Musulunci. Wannan zuzutawa ce. Ariyus ya yarda an gicciye Almasihu, ya yarda ta hannunsa aka halicci duniya, yana kuma kiransa Ɗan Allah. Ya ƙi daidaita shi da Uban ne kawai.

A Turai maganar ta sake tashi da aka fara buga littattafai. A 1516 wani malami Irasmus ya buga Sabon Alkawari da Girkanci, ya bar wata jumla ta 1 Yohanna 5:7 mai ambaton ukun a fili, saboda bai gan ta a rubuce-rubucen Girkanci da ke hannunsa ba. Aka yi masa caa, ya mayar da ita a bugun 1522. Yau yawancin fassarori sun cire ta, masu Triniti kuma sun ce aƙidarsu da ma ba a kanta ta rataya ba. Wani likita ɗan Sifen, Maikel Sabetus, da ya rubuta littafi yana musun Triniti, ƙona shi aka yi da ransa a Janiba a 1553. In ka tuna da Malam Ibrahim, sai ka ga hukuma ko'ina halinta ɗaya in an taɓa aƙida.

Magadan wannan musu suna nan tare da mu. Shaidun Jehobah, masu bi gida-gida da mujallar Hasumiyar Tsaro, sun samo asali a Amurka wajen Charles Taze Russell a shekarun 1870, suka ɗauki wannan suna a 1931. A wurinsu Yesu farkon halitta ne, shi ne Mala'ika Mika'ilu, ruhu mai tsarki kuma ikon Allah ne kawai. Fassararsu ta farkon Yohanna ta bambanta da ta sauran, suna cewa nahawun Girkancin wurin siffa yake nunawa, wato mai kama da Allah. Akwai kuma wasu 'yan Fentikos da suka ɓulla a Amurka daga 1913, su ta ɗaya gefen suka ɓullo: sun ce Uba da Ɗa da Ruhu duk sunayen mutum ɗaya ne, Yesu, suna baftisma da sunansa kaɗai bisa Ayyukan Manzanni 2:38. Manyan coci-cocin garin nan, ECWA da COCIN da Angilikan da Katolika da Baftis, duk suna kan matsayar Nikiya. Mu da muka ga abin da ya faru a watan Afrilu na 1991, lokacin da wutar Tafawa Ɓalewa ta iso cikin Bauci, mun san tsadar yi wa maƙwabci kuɗin goro ba tare da sanin ko shi wane ne ba.

Su kuwa Isawa fa? Malam Ibrahim ya bar wa almajiransa wasiyyar cewa wasu za su zo da cikakken labarin Isa. A 1913 wasu samarinsu suka sami Likita Mila na mishan ɗin CMS, wanda ke zaune a Zariya tun 1905, suka ba shi labarinsu. Wani ɓangare ya karɓi baftisma, aka kafa musu ƙauye a Gimi. Wasu kuma ba su bi ba. Ciwon barci ya shiga Gimi ya yi musu mummunar ɓarna, ragowar suka tashi, da yawansu suka ƙare a Wusasa bayan mishan ya koma can a 1929. A cocin St. Bartholomew na Wusasa, wanda aka gina da ƙasa irin ginin Hausa, jikokin mutanen da suka ɓuya a duwatsun Ningi suka riƙa tsayawa ranar Lahadi suna karanta aƙidar Nikiya da Hausa. A 1932 aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa, wanda Likita Mila ya yi babban aiki a kansa, ayoyin nan da Ariyus da Atanasiyus suka yi ta ja-in-ja a kansu suka shigo hannun duk Bahaushen da ya iya boko.