Yadda Kare Ya Shiga Ɗakin Jinya

A farkon shekarar 1944, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu, wani sojan Amurka ya tsinci wata 'yar karya a cikin wani ramin fakewa da aka bari a dajin tsibirin Niyu Gini. Irin ƙananan karnukan nan ce masu dogon gashi, 'yan asalin yankin Yorkshire na Ingila, nauyinta bai kai kilo 2 ba. Ba a daɗe ba ta koma hannun wani kofur mai suna William Wynne, mutumin birnin Cleveland, wanda ya saye ta fam 2 na Ostireliya, ya raɗa mata suna Smoky. Duk inda rundunarsu ta nufa tana cikin jakarsa, abin da ya ci shi take ci, idan an sami sarari kuma ya koya mata 'yan wasanni.

Abin da ya fito da sunanta a jaridu shi ne aikin da ta yi a tsibirin Luzon na ƙasar Filifin a 1945, inda aka ɗaura mata igiya ta ratsa wani siririn bututu mai tsawon kusan mita 21 a ƙarƙashin filin jirgin sama, aka bi igiyar aka ja wayar sadarwa, aka huta da haƙan da zai ɗauki kwanaki a bainar jiragen abokan gaba. Amma aikinta da ya fi daɗewa ya faro ne kafin nan, lokacin da zazzaɓin denge ya kwantar da Wynne a asibitin soja. Abokansa suka kawo masa ita dubiya. Da ma'aikatan jinya suka gan ta, sai suka roƙi aronta su zaga da ita ɗakunan waɗanda aka kwaso daga fagen daga. Da rana tana zagayen gadaje, da dare ta dawo ta kwanta gefen mai ita. Samarin da ciwo da kewar gida suka rufe wa baki suka fara miƙo hannu, suna dariya, suna ba da labarin karnukan da suka baro a gida. Bayan yaƙi Wynne ya ci gaba da kai ta asibitocin 'yan mazan jiya a Amurka, har ta mutu a 1957. Masu rubuta tarihin wannan al'ada kan sa ta a sahun farko na karnukan da aka san sunansu a wannan aiki.

Yaƙi dama ya taka babbar rawa wajen buɗe wa kare ƙofar asibiti. A 1916 wani likita mai suna Gerhard Stalling ya kafa makarantar horar da karnukan jagora a garin Oldenburg na Jamus, saboda yawan sojojin da Yaƙin Duniya na Ɗaya ya makantar. A 1919 kuma wani ministan Amurka, Franklin Lane, ya ba da shawarar a kai karnuka asibitin masu taɓin hankali na St. Elizabeths a birnin Washington, domin majinyata su sami abokan zama. Yaƙe-yaƙen nan biyu sun dawo da dubban mutanen da jikinsu ya warke amma barci ya ƙaurace musu, ƙarar ƙofa ma ta isa ta firgita su, kuma likitocin lokacin ba su da wani abin kirki da za su ba su.

Tunanin cewa dabba na rage wa marar lafiya raɗaɗi ya girmi yaƙe-yaƙen. A 1796 William Tuke ya buɗe wani gidan kula da masu taɓin hankali a birnin York na Ingila, a zamanin da sarƙa da duka su ne maganin da aka sani. A farfajiyar gidan aka zuba zomaye da kaji da tsuntsaye, majinyata na ciyar da su. Florence Nightingale, wadda ake ɗauka uwar aikin jinya na zamani, ta ba da shawara a littafinta na 1859 cewa ƙaramar dabba kyakkyawar abokiyar zama ce ga mai doguwar jinya. Ita kanta mujiya ta taɓa riƙewa, tana yawo da ita a aljihu.

Duk wannan dai lura ce ta masu jinya, ba ta kai ga teburin malaman likitanci ba. Ko Sigmund Freud, wanda a shekarun 1930 karyarsa Jofi ke kwanciya a ɗakin da yake ganin majinyata a birnin Vienna, bai mai da abin wani darasi ba, duk da waɗanda suka zauna a gabansa sun ba da labarinta daga baya.

Wanda ya ɗauki maganar ya kai ta gaban malamai shi ne Boris Levinson, masanin halayyar yara a birnin New York, kuma shi ma arashi ne ya nuna masa. Wata rana a shekarun 1950 wata uwa ta kawo masa ɗanta tun kafin lokacin da aka ba su ya yi. Yaron ya daɗe da janye jiki daga mutane, an sha fama da shi bai buɗe baki ba. A al'ada Levinson kan fitar da karensa Jingles kafin majinyaci ya shigo, amma ran nan an shammace shi. Karen ya ruga wurin yaron yana lasar sa, yaron kuwa maimakon ya tsorata sai ya rungume shi. A zaman da suka biyo baya yaron bai kula likita ba, da kare yake wasa, da kare yake magana. Levinson ya yi haƙuri ya zuba ido. A hankali aka fara sa shi cikin wasan, daga wasa aka gangaro hira, daga hira aka shiga aikin da aka zo yi tun farko.

Ya gwada da wasu yaran, ya rubuta abin da ya gani, ya gabatar da shi a taron ƙungiyar masana halayyar ɗan Adam ta Amurka a 1961. Wasu sun saurara, wasu sun yi masa dariya, har da masu tambayar ko yana raba kuɗin aikin da karen. Bai fasa ba. A 1962 ya buga maƙalar, inda ya kira kare abokin aikin likita, a 1969 kuma ya fitar da littafi sukutum kan batun. Abin da ya dace a riƙe daga aikinsa shi ne bai ce kare kaɗai ke warkarwa ba. Cewa ya yi yaron da manya suka ci amanarsa, ko suka dame shi da tambaya, ya fi sauƙin sakin jiki da halittar da ba ta tuhumarsa da komai, likita kuma ya bi ta wannan kafar ya isa gare shi. Yawancin waɗanda suka zo bayansa suna tallata abin sun manta da wannan iyaka da ya shata.

A shekarun 1970 abin ya fara zama tsari. Samuel Corson da matarsa Elizabeth suna da karnukan bincike a jami'ar jihar Ohio, kusa da sashen masu taɓin hankali. Matasan da ke kwance suka ji haushin karnukan, suka nemi a bar su su gan su, daga nan ma'auratan suka shiga gwada haɗa karnuka da majinyatan da magani ya gaza a kansu. A 1976 wata ma'aikaciyar jinya, Elaine Smith, ta kafa ƙungiyar Therapy Dogs International a jihar New Jersey domin tantance karnukan da za a riƙa kai wa marasa lafiya. A 1981 wata mai hidimar coci, Pauline Quinn, ta shigar da horon karnuka gidan yarin mata a jihar Washington, fursunoni na horar da su domin naƙasassu. Ingila ta sami tata ƙungiyar, Pets As Therapy, a 1983.

Masu bincike sun biyo baya da ma'auni. A 1980 Erika Friedmann da abokan aikinta suka bi diddigin mutum 92 da aka sallama daga sashen masu ciwon zuciya. Bayan shekara guda, cikin 53 masu dabba a gida 3 ne suka rasu, cikin 39 marasa dabba kuwa 11. Adadin ya yi kaɗan a yanke hukunci da shi, amma ya sa likitoci sun daina dariya. A 2015 masana a jami'ar Azabu ta Japan suka nuna cewa idan kare da mai shi suka daɗe suna kallon juna, sinadarin oksitosin na ƙaruwa a jikin dukkansu, wato sinadarin da ke taka rawa a shaƙuwar uwa da jaririnta. Labarin zuciya a tambayi fuska, in ji Hausawa, kuma cikin dabbobin gida da wuya a sami mai karatun fuskar mutum kamar kare. Ya daɗe yana koyo. A Oberkassel kusa da birnin Bonn na Jamus an tono kabari mai kimanin shekara 14,000, namiji da mace da ɗan kwikwiyo a rami ɗaya, haƙoran kwikwiyon kuma sun nuna ya yi muguwar rashin lafiyar da ba zai tsallake ba sai da jinyar mutane.

Inda jama'a suka fi ganin waɗannan karnuka shi ne bayan bala'i. An kai su birnin Oklahoma bayan harin bam na 1995 da ya kashe mutum 168, an kai su New York bayan harin 11 ga Satumban 2001. A Disamban 2012, da wani ɗan bindiga ya kashe yara 20 da manya 6 a makarantar firamaren Sandy Hook, wata ƙungiyar agaji ta cocin Lutheran ta taso da karnukanta tun daga jihar Illinois. Ba wani aiki suke yi ba illa kwanciya a ƙasa, yara su zauna gefensu suna shafa su, mai son kuka ya yi, mai son magana ya yi. Duk wanda ya san zaman makoki zai gane hikimar: ba kowane mai ta'aziyya ake buƙatar ya yi magana ba, akwai wanda zamansa shiru kusa da mai rashi ya fi dogon jawabi amfani.

Mai karatu a ƙasar Hausa na iya jin abin banbaraƙwai, domin a nan wurin kare shi ne farauta da gadi da bin garke, ba kan gado ba. Malamai sun yi bayani mai faɗi kan hukuncin riƙe shi, mazhabar Malikiyya na ɗaukar kare mai rai a matsayin mai tsarki, kuma sananne ne hadisin mutumin da aka gafarta wa saboda ya shayar da kare mai ƙishirwa. Akwai kuma dalilin lafiya da ba a wasa da shi: Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ciwon haukan kare na kashe kimanin mutum 59,000 duk shekara, mafi yawansu a Asiya da Afirka. Al'adar kai kare asibiti ta yi jijiya ne a ƙasashen da rigakafi ya kawar da wannan fargaba, inda kuma ake tantance lafiyar karen da halinsa kafin a bar shi ya kusanci majinyaci.

A can ɗin ma ba a gama muhawara ba. Masana irin su Hal Herzog sun daɗe suna jan hankali cewa da yawan binciken da ake kafa hujja da su ƙanana ne, kuma sauƙin da ake samu sau da yawa na ɗan lokaci ne. Suna da gaskiya, kuma zalunci ne a ce wa mai ciwon damuwa mai tsanani ya bar likita ya nemi kare. Shi ma karen yana gajiya, shi ya sa ƙungiyoyin kirki ke ƙayyade tsawon ziyara, suna koya wa masu riƙe da shi alamomin da ke nuna ya ƙosa.

Farin jinin abin ya jawo masu cin zarafinsa. Mutane suka riƙa sayen takardun shaida ta intanet domin shiga jirgin sama da dabbobinsu kyauta da sunan masu kwantar da hankali, har a Janairun 2018 wata mata ta isa filin jirgin Newark da ɗawisu, kamfanin jirgin ya hana shi shiga. Daga farkon 2021 ma'aikatar sufurin Amurka ta sauke wa kamfanoni wajibcin ɗaukar irin waɗannan dabbobi, ta bar gatan ga karnukan da aka horar domin taimakon masu lalura. A watan Agustan shekarar kuma shugaban Amurka na lokacin, Joe Biden, ya sa hannu kan dokar da ta umarci ma'aikatar 'yan mazan jiya ta gudanar da shirin gwaji na shekara 5, inda tsofaffin sojoji masu fama da firgicin yaƙi za su riƙa horar da karnukan taimako a matsayin wani ɓangare na jinyarsu.