Tarihin Reshen Kamfanin Microsoft a Nijeriya

Duk wanda ya taɓa shiga ofishin gwamnati, ko banki, ko shagon buga takardu na bakin ƙofar jami'a, ya tarar da akawu ya duƙufa gaban kwamfuta yana tsara takardar albashi ko kundin ɗalibi, to haƙiƙa ya ga aikin kamfanin Microsoft da idonsa ko da bai taɓa jin sunansa ba, domin galibin na'urorin nan da manhajar Windows suke tashi, kuma da Word da Excel ake rubutu da lissafi a cikinsu. Bill Gates da abokinsa Paul Allen suka kafa kamfanin a Amurka a shekarar 1975, amma sai da aka shekara 25 cur sannan ya buɗe ofishinsa na kansa a Legas, wato a shekarar 2000. Wannan jinkiri yana da asali, kuma wanda ya san asalin zai fi fahimtar irin zaman da reshen ya yi da mu daga bisani.

Tun kafin a san da Microsoft, kamfanin IBM ya riga ya kafu a ƙasar nan, har ma ya buɗe cibiyar koyar da aikin kwamfuta a Jami'ar Ibadan a 1963. Da gwamnatocin soja suka fito da dokokin mallaka wa 'yan ƙasa hannun jari a kamfanonin baƙi, ta farko a 1972 zamanin Janar Gowon, ta biyu mai tsanani a 1977 zamanin Janar Obasanjo, sai IBM ya ga gara ya naɗe tabarmarsa da ya raba mallaka da kowa, ya fice a 1978, shekarar da ya bar Indiya bisa makamancin wannan dalili. Ba a buɗe wa jarin baƙi ƙofa sosai ba sai a 1995, lokacin da aka yi dokar da ta halatta wa baƙo ya mallaki kamfaninsa ɗungurungum. Bayan haka mulkin farar hula ya dawo a 1999, aka yi gwanjon lasisin wayar salula a 2001, aka kuma kafa hukumar NITDA mai kula da fasahar sadarwa a wannan shekarar. Microsoft, wanda tun farkon shekarun 1990 ya kafa ofis a Afirka ta Kudu, ya hango cewa kasuwar Nijeriya ta nuna, ya shigo a daidai gaɓar.

Amma fa da ya iso, sai ya tarar hajarsa ta riga shi zuwa da shekaru. A kasuwar Computer Village ta Ikeja, da shagunan titin Beirut a Kano, mai gyaran kwamfuta yakan zaro faifai guda daga aljihun tebur, wanda aka rubuta sunan manhajar a bayansa da alƙalamin maka, ya ɗora wa na'ura goma ko ashirin a yini, ya karɓi ladan hannunsa kaɗai, alhali kuɗin lasisin asali ya fi ƙarfin albashin ƙaramin ma'aikaci. Da yawa cikin masu saye ba su ma san akwai wani haƙƙi da aka tauye ba, sai ranar da bangon allon ya koma baƙi ƙirin, wani ɗan rubutu ya bayyana a kusurwa yana shaida musu cewa kwafin ba na asali ba ne. Ba na halatta cin haƙƙin mai abu, domin guminsa ne. Sai dai adalci ya wajabta a faɗi cewa waɗannan faifai su suka koya wa al'umma guda aikin Windows, suka share wa kamfanin fagen da da kuɗinsa ba zai iya sharewa cikin sauri haka ba.

Sabili da haka babban aikin reshen a shekarunsa na farko, ƙarƙashin manajansa na farko Gerald Ilukwe da waɗanda suka gaje shi, shi ne mayar da masu amfani su zama masu biya, musamman bankuna da kamfanonin mai da na waya da ma'aikatun gwamnati, waɗanda suke da abin biya kuma suke tsoron shari'a. Tsarin ya yi kama da na kantunan Turawa na zamanin gyaɗa a Kano: ana ƙera kaya can Redmond ta jihar Washington, inda hedkwata take, ana yanke farashi can, reshe kuwa ya naɗa dillalai 'yan ƙasa, ya horar da su, ya ba su takardar shaida, su kai haja ga mai saye. A 2005 kamfanin ya ƙulla yarjejeniya da hukumar EFCC, zamanin Malam Nuhu Ribadu, don yaƙi da 'yan damfarar intanet da suka zubar wa ƙasar mutunci a idon duniya.

Akwai kuma wani fanni da ya shafe mu kai tsaye, mu masu rubutu da Hausa, wanda bai kamata a wuce shi da gaggawa ba. Shekaru da dama marubucin Hausa yana fama da haruffa masu lanƙwasa, ƙ da ɗ da ɓ, waɗanda babu su a allon madannai. Wani ya liƙa waƙafi a gefen harafi, wani ya bar shi haka nan, mai karatu ya yi ta laluben ma'ana, har Farfesa Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero ya ƙirƙiro samfurin haruffa da ya sa wa suna Rabi'at da Abdalla, waɗanda suka yi wa maɗaba'u da marubuta littattafan Kano hidima mai yawa. Daga baya Microsoft ya fitar da Windows da Office da aka fassara umarninsu zuwa Hausa da Yarabanci da Ibo, ya sa tsarin madannai na Hausa a cikin Windows, sannan a 2023 ya shigar da Hausa cikin manhajarsa ta fassara tare da wasu harsunan Afirka. Wannan alheri ne, wajibi a yaba. Abin takaici kawai shi ne amfaninsa bai yaɗu yadda ya cancanta ba, domin masu sayar da kwamfuta ba su saba ɗora fassarar ba, makarantu ba su koyar da ita, kuma har yau za ka ga takardar hukuma da Hausa an buga ta babu lanƙwasa ko ɗaya. Laifin wannan sakaci, a ganina, rabinsa namu ne.

Babban sauyi ya zo a watan Mayu na 2019, sa'ad da kamfanin ya ba da sanarwar kafa cibiyar ƙera manhaja ta Afirka, mai rassa biyu a Legas da Nairobi, da alƙawarin kashe dala miliyan 100 cikin shekara biyar da ɗaukar injiniyoyi 500 kafin ƙarshen 2023. Ta haka matasan Nijeriya, suna zaune a ƙasarsu, suka shiga sahun masu rubuta manhajar kamfanin da duniya take amfani da ita, aka kuma buɗe musu mazauni a unguwar Ikoyi a 2022. Ba a daɗe ba murna ta koma ciki, domin a watan Mayu na 2024 aka rufe sashen Legas. Kamfanin ya ce gyaran tsarin ma'aikata ne irin wanda ya saba yi, masu lura da al'amura kuwa suka danganta abin da faɗuwar darajar naira bayan sakinta a 2023 da tsadar gudanar da harka. A cikin watan nan dai kamfanin, tare da abokin hulɗarsa G42 na Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa, ya ba da labarin zuba jarin dala biliyan ɗaya a Kenya, har da cibiyar adana bayanai da za ta sha wuta daga zafin ƙarƙashin ƙasa. Ofishin ciniki na Legas bai motsa ba, yana nan yana sayar da lasisi.

Wanda ya haɗa fitar IBM a 1978 da rufe cibiyar Ikoyi a 2024 zai ga cewa hukuncin zama ko tafiya ba a taɓa yanke shi a Legas ba, kuma ba na zargin ɗan kasuwa don ya bi maslahar masu hannun jarinsa. Abin da yake hannunmu shi ne sharaɗin da muke gindayawa da yanayin da muke tanada. Ina kira ga hukumomin da suke sayen lasisi da dukiyar jama'a, na tarayya da na jihohi, da su riƙa rubuta horar da injiniyoyinmu da kyautata hidimar harsunanmu a cikin kowace yarjejeniya, su kuma gyara wutar lantarki wadda rashinta yake korar irin wannan aiki. Jami'o'in Kano da Zariya da Sakkwato da Maiduguri kuwa su nemo matasan da suka yi aiki a cibiyar Ikoyi, su ba su aji su koyar.